Yadda Ake Bin Sawun Aikin Gwamnati a Unguwa, Daga Kasafin Kuɗi Har Bakin Famfo

Da wuya ka zaga garuruwanmu ba ka ci karo da irin wannan ba: tanki a bisa ƙarafuna, farantan sola sun yi ƙura, ga allo an rubuta sunan aikin da na wanda ya kawo shi, amma ka murɗa kan famfo ko ɗigo babu. Yara na can da jarkoki suna bin 'yan garuwa. Idan ka tambayi mutanen majalisar da ke zaune a gindin bishiya, amsar ɗaya ce: "Sun cinye kuɗin." Su wa? Nawa? Wace shekara? Nan hirar take tsayawa. Ni kuwa daga nan nake so mu fara, domin yawancin amsoshin nan suna rubuce a takardun da doka ta tilasta wa gwamnati ta buɗe, wasu ma suna intanet ana iya sauke su a waya.

Kada ka ɗauka wannan aikin 'yan boko ne na Abuja. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara, sanadiyyar niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, har yara aƙalla 400 suka rasu. An share ƙasar wasu ƙauyukan, amma Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta rage, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa a cikin gurɓatacciyar ƙasa. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, kuɗin suka ƙi fitowa. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka riƙe wannan adadi suka yi ta tambayar inda kuɗin suka maƙale, tare da ƙungiyoyin da ke aikin ceton yaran, har aka sake su a farkon 2013 aka fara share garin. Daga nan tafiyar Follow The Money, mai bin sawun kuɗin gwamnati, ta samo asali. Makaminsu shi ne sun san nawa aka ce, sun san wa ya ce, kuma ba su gaji da tambaya ba.

Zan ɗauki rijiyar burtsatse a matsayin misali, amma hanyar ɗaya ce ko ajin makaranta ne, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati.

Mataki na farko: ku zaɓi abu ɗaya, ku zama kamar mutum biyar

Kada ku ce za ku binciki "ayyukan ƙaramar hukumarmu". Za ku gaji kafin ku fara. Ku ce: burtsatsen bayan makarantar firamare, wadda ta daina ruwa bayan wata uku. Abu ɗaya mai suna da wuri.

Ana buƙatar wanda ya iya karanta Turanci kuma yana da waya mai kyau, domin takardun kasafi da Turanci suke. Ana buƙatar dattijo wanda in ya yi sallama a ƙofar mai unguwa za a shimfiɗa masa tabarma. A samu mace, ko daga makarantar Islamiyya ko daga ƙungiyar mata, don su suka san wahalar ruwa ciki da waje, su suka san ranar da ya ɗauke. Sai mai sana'a, kamar mai gyaran famfo ko magini. Kuma ina roƙonku kada biyar ɗin su kasance 'yan jam'iyya ɗaya. Ranar da aka ce "'yan adawa ne", rabin aikinku ya zube.

Ku sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi. Duk inda kuka je, da wanda kuka gani, da abin da ya ce, da kwanan wata, a rubuta.

Mataki na biyu: aikin wa ne?

Tarayya, jiha, ko ƙaramar hukuma? Allon kwangila ne farkon shaida. Ku ɗauki hotonsa yadda rubutun zai karantu. Yawanci za ku ga sunan aikin, hukumar da ta bayar, kamfanin da ya karɓa, da sunan ɗan majalisar da ya kawo idan aikin mazaɓa ne. In an cire allon, ku tambayi mai unguwa da maigadin wurin da leburorin gari da suka yi aikin. Su kan tuna motar da ta zo da sunan da ke jikinta.

Mataki na uku: nemo layin aikin a cikin kasafi

A nan ake shan wahala, don haka zan daɗe.

Idan aikin tarayya ne, kasafin kowace shekara yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya. Ku lura akwai wanda shugaban ƙasa ya gabatar wa majalisa, akwai kuma wanda ya sa wa hannu ya zama doka. Na biyun za ku nema, domin tsakanin biyun ne 'yan majalisa ke cusa ayyuka. Takarda ce mai shafuka fiye da dubu, ba a karanta ta daga farko. A buɗe ta a kwamfuta, in da hali a shagon masu buga takardu, a yi amfani da wurin binciken kalma a rubuta sunan garinku.

Ga dabarar da mutane da yawa ba su sani ba. Sunayen garuruwanmu ana rubuta su iri-iri a cikin kasafi. Tudun Wada kan fito a matsayin T/Wada, Birnin Kudu ya zama B/Kudu, Dawakin Tofa ya zama D/Tofa. Harufan ƙ da ɗ da ɓ ba sa fitowa sam. Wani lokaci ma an yi kuskuren rubutu. To ku gwada rabin sunan, ku gwada sunan gunduma, sunan ƙaramar hukuma, sannan sunan mazaɓar tarayya ko ta sanata, saboda sau da yawa ana rubuta aiki a dunƙule, a ce rijiyoyi kaza a mazaɓa kaza ba tare da sunan ƙauye ba.

Kuma kada ku tsaya a ma'aikatar ruwa kaɗai don aikin ruwa ne. Ayyukan mazaɓu, waɗanda aka shafe shekaru ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara, akan ajiye su a ƙarƙashin hukumomin da ba ruwansu da aikin. Za ka iya samun burtsatsen ƙauyenku a ƙarƙashin wata kwalejin aikin gona da ke wata jiha mai nisa. Wannan ɗabi'a tana daga cikin dalilan da ke sa ayyuka lalacewa, don hukumar da ta bayar ba ta da injiniyan da zai zo ya duba. Amma ku abin da ya dame ku shi ne sunanta, domin ita za ku rubuta wa wasiƙa.

In kun samu layin, ku kwafe abu huɗu: lambar aikin, wadda a kasafin tarayya takan fara da haruffa irin su ERGP ko ZIP; cikakken bayanin aikin kalma da kalma; adadin kuɗin; da ko an rubuta sabo ne ko ci gaba. Sai ku duba kasafin shekarar da ta gabata da ta bayanta. Idan aiki ɗaya ya fito sau uku a matsayin sabo, kun sami tambaya mai nauyi.

Wanda wannan ya yi masa yawa, ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, tana da manhajar Tracka tun 2014, inda aka jera ayyukan mazaɓu jiha-jiha. Ya fi sauƙin bincike, sai dai ina ba da shawarar a koma a tabbatar da layin a ainihin kasafin.

Idan aikin jiha ne, ku duba shafin ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta jiharku. Tun da aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya a 2018, jihohi suka shiga sa kasafinsu a intanet, tare da rahoton yadda aka kashe kuɗi duk wata uku, da wani taƙaitaccen kasafi da aka yi domin talakawa. Ƙaramar hukuma ita ce mai duhu. Abin da take samu daga rabon arzikin ƙasa na wata-wata ana buga shi, amma yadda ta kashe sai an taka har sakatariya an nema.

Mataki na huɗu: an rubuta daban, an biya daban

Ganin miliyan 20 a kasafi ba ya nufin miliyan 20 ta fita. Kasafi niyya ce. Akwai shekarun da ake sakin wani kaso kawai na kuɗin ayyuka, ɗan kwangila ya yi iya abin da aka ba shi ya kwashe kayansa. Wanda ya hau rediyo ya ce an sace miliyan 20, alhali miliyan 6 aka saki, ya ba da kansa, ba kuma za a sake sauraronsa ba ko da gaskiya ya zo.

A Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin Open Treasury, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa bayyana duk biyan da ya kai naira miliyan 5, da sunan wanda aka biya da dalilin biyan. BudgIT ta tattara waɗannan bayanai a shafin GovSpend, inda za ka rubuta sunan kamfani ko na hukuma ka ga abin da ya fito. Ku rubuta sunan kamfanin da ke kan allo. Sannan ku leƙa shafin NOCOPO na hukumar kula da bayar da kwangila ta BPP, ko an sa ranar da aka ba da aikin da farashinsa. Ba kowace hukuma ke cika shi ba, don haka rashin ganin aikinku a ciki ba hujja ba ce ta cewa ba a bayar ba.

Abu na ƙarshe a nan: shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana nuna ko kamfani na da rajista da ranar da aka yi masa. Tun 2023 akwai kuma rajistar da ke nuna ainihin masu iko da kamfani. Kamfanin da aka yi wa rajista makonni kaɗan kafin ya sami kwangila abin lura ne. Ku rubuta a littafinku, ku yi shiru tukuna.

Mataki na biyar: wasiƙar neman bayani

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba kowa damar neman takardun gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In ta ƙi, dole ta rubuto dalili, kuma mai nema na da kwana 30 ya je kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. Kuɗin da za a iya karɓa a hannunku na kwafin takarda ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. An daɗe wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce ta shafi jihohi ma.

Ku rubuta da Turanci, gajeriya, zuwa ga shugaban hukumar. Ba zargi, ba wa'azi. Ku ambaci dokar, ku sa lambar aikin da shekararsa, sannan ku jera abin da kuke so: takardar bayar da kwangilar, sunan kamfanin, jimlar kuɗin, abin da aka biya da ranakun biyan, takardar jerin kayan aiki da farashinsu wadda injiniyoyi ke kira BOQ, da takardar shaidar kammala aiki in an bayar. Wannan BOQ ita ce uwa. Ita za ta gaya muku zurfin rijiyar da aka biya, girman tanki, yawan farantan sola, ƙarfin injin.

Ku kai kwafi biyu da hannu, a buga wa ɗaya hatimin "an karɓa" da kwanan wata, ku dawo da ita. Ba tare da wannan hatimi ba, kamar ba ku rubuta ba. In hukumar na Abuja, a aika ta kamfanin kai saƙo a ajiye rasit. Sau da yawa wasiƙar farko ba ta samun amsa. A rana ta takwas ku aika ta tuni, ku maƙala kwafin ta farko. Na taɓa bin wata wasiƙa sau huɗu a wani ofis, kullum ana ce mini "oga ba ya nan", sai da wani magatakarda ya ga na zo da kwafi mai hatimi ina lissafa kwanaki a gabansa, sannan fayil ɗin ya fito. Magatakardan nan ku girmama su. Ku gaishe su da kyau, ku ce "Malam, a taimaka mana", don su suka san inda kowace takarda take kwance.

Mataki na shida: gani ya kori ji

Yanzu ku tafi wurin aikin da mai sana'arku da takardar kayan aiki a hannu. Ku ƙirga farantan sola. Ku karanta lita nawa aka rubuta a jikin tanki. Mai gyaran famfo zai iya zaro injin da aka zura cikin rijiyar, wanda suke kira sumo, ya duba ƙarfinsa, ya kuma auna zurfi da igiya. Amma kada a kwance komai sai da sanin mai unguwa da shaidu, don kada gobe a ce ku kuka lalata. In aji ne, magini ya duba bulo da kwano da katakon rufi, ya ce muku ko siminti ya isa.

Hoto kuwa, a ɗauka daga nesa yadda za a gane wurin, sannan daga kusa. A kunna alamar wuri a wayar don hoton ya ɗauki inda aka tsaya da ranar. Ku tambayi matan da ke kusa yaushe ruwan ya ɗauke, don ranar na da muhimmanci: a yawancin kwangilolin gwamnati ana riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni bayan kammalawa, domin in aiki ya lalace ya dawo ya gyara. In kuna cikin wa'adin, gyaran na wuyansa.

Kuma ku shirya jin abin da ba ku so. Wani lokaci ɗan kwangila ya yi aikinsa daidai, yaran gari ne suka sace wayar sola, ko wani ya ja bututu zuwa gidan wankansa har inji ya ƙone. In haka ne, a rubuta haka.

Mataki na bakwai: ƙofa kafin rediyo

Ku tattara komai a shafi ɗaya: abin da kasafi ya ce, abin da aka biya, abin da kuka gani, abin da kuke nema a yi da wa'adinsa. Kwafi ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, hotuna a baya.

Ku fara da mai unguwa, shi ya kai ku ga dagaci ko hakimi. Dattijonku ne zai yi magana: "Ranka ya daɗe, ba ƙarar kowa muka kawo ba. Ga abin da takardar gwamnati ta ce, ga abin da ke ƙasa, muna neman a sa mana baki." Daga nan kansila, sai ofishin mazaɓa na ɗan majalisa, sai hukumar da ta ba da aikin. Ɗan majalisa da yawa bai taɓa taka wurin ba bayan ranar yanka zare, kuma ba ya son sunansa a kan allon da ke gaban busasshen famfo. Ku ba shi hanyar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. Ruwa kuke nema.

Ku sa wa'adi, kamar mako uku, ku faɗa musu a fili cewa bayan nan za ku kai maganar gaba. In ya cika shiru, sai gidan rediyo, a shirin da ake sauraron koken jama'a. Ku karanta abin da ke shafinku kawai. Ku ce "an biya kaza, mun ga kaza, muna tambayar ina sauran". Kalmar ɓarawo kada ta fito daga bakinku, ko a rediyo ko a Facebook, don ita ake kamawa a kai mutum kotu a manta da rijiyar. Ku tura rahoton ga Tracka da Follow The Money, suna da wakilai a jihohi. In akwai alamar an biya kuɗi ba a yi aiki ba, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Ku kai takardar koke ofishinta na jiha, a nan ma a buga muku hatimi.

Mataki na takwas: wa zai riƙe ta bayan an gyara?

Nan ne ake bukatar gwamnati da 'yan kasuwa da jama'a su haɗa hannu, kuma nan ne aka fi sakaci. Kasafi kan ba da kuɗin haƙa rijiya, da wuya ya ba da na canja inji bayan shekara biyu. In kuka tsaya jiran sakatariya duk sanda fiyus ya ƙone, za ku koma gidan jiya.

Ku kira zama a ƙofar mai unguwa, a gayyato jami'in sashen ruwa na ƙaramar hukuma, da masu sana'ar da ruwan ke amfana kai tsaye: mai gidan burodi, mai buga bulo, masu wankin mota, shugaban 'yan garuwa, mai shayi. Ba sadaka za ku roƙa ba. Ku nuna musu lissafi: ga abin da kuke kashewa kan ruwa a wata, ga abin da gyara ke ci a shekara. Sai a rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya. Ƙaramar hukuma ta amince a rubuce cewa kwamitin unguwa ne ke kula da rijiyar, babban gyara kamar sake haƙa yana wuyanta. Masu ɗiba don sana'a su biya wani abu a kan kowace kura, masu ɗiban sha a gida su ɗiba kyauta ko da ɗan abin da aka yarda. A ɗauki mai gyara guda da aka sani, ya riƙa zagayowa duk wata yana wanke farantai yana duba wayoyi, a biya shi daga asusun. In akwai banki ko kamfanin waya ko masana'anta a yankinku, ku kai musu shafin nan mai hotuna da adadi. Wanda ya zo da lissafi a rubuce an fi saurin sauraronsa a kan wanda ya zo da kuka.

In makaranta ce, kada ku ƙirƙiri sabon kwamiti, akwai kwamitin al'umma na kula da makaranta, wato SBMC, da aka tanada, ku farfaɗo da shi. In asibiti ne, akwai kwamitin raya gunduma, kuma cibiyoyin lafiya da aka zaɓa suna samun kuɗi kai tsaye daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa. Kuna da damar tambayar jami'in da ke riƙe da cibiyar nawa ya shigo da abin da aka saya.

Abin da kuka nema daga gwamnati, ku ma za a nema daga gare ku. Kuɗin asusun rijiya a ajiye a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya mace. Duk ƙarshen wata a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a babbar takarda, a manna a jikin tankin, a karanta bayan sallar Juma'a. Na ga kwamitocin da suka yi nasara a kan ɗan kwangila sannan suka watse a kan dubu goma da ba a san inda ta shiga ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan busasshen famfon.

Kafin kasafin baɗi

Bin aikin da ya lalace gyaran ɓarna ne. Ya fi kyau ku shiga tun ana rubutawa. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2016, jihohi irin su Kaduna da Kano suka bi baya, kuma a Kaduna an samar da tsarin da al'umma ke jera buƙatunsu bisa fifiko a miƙa don a sa a kasafi. Jihohi da dama na kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin gwamna ya kai kasafi majalisa, yawanci a watannin ƙarshen shekara. Ku tambayi sashen tsare-tsare na ƙaramar hukumarku ranar taron tun damina ba ta ɗauke ba. Ku je da buƙata ɗaya ko biyu a rubuce, da sunan unguwa a cike ba a taƙaice ba, da yawan gidajen da za su amfana bisa ƙirgar da kuka yi da kanku gida-gida. Ku bar kwafi wurin kansila da ofishin ɗan majalisa, a buga hatimi a naku. Ranar da aka sa wa kasafin hannu, mai wayarku ya sauke shi ya rubuta sunan garin, a duba ko ya fito.